Anti, wai sai na fita waje kaina zai buɗe a harkar ɗinki?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya gida. Ni 'yar Kano ce shekarata 19, na gama sakandare bara waccan, ɗinki kuma tun ina ƙaramar sakandare nake koya wurin ƙanwar Ummanmu, yanzu ina da kekena a gida har da yara biyu da nake koya wa. Matsalata Anti na gaji ne. Duk wadda ta zo hoto take ciro min daga Instagram ta ce ga irin wanda take so, ni kuma in kwafa, in na zauna zan zana nawa sai in ga abin da na gani jiya a waya ne ya sake fitowa. Ina kallon bidiyon ɗaliban makarantun zanen kaya na Milan da Landan har hawaye nake, ina jin da a can nake da tuni kaina ya buɗe. Akwai wani ejan da ya ce zai samo min admishan a Italiya in na fara ba shi wani abu, Umma ta ce zata sayar da sarƙarta ta gwal da filin da ta gada, Abba kuma ya ce shi bai ga dalilin da zai sa 'ya mace ta ƙetare teku dan koyon tela ba. Dan Allah ki gaya min gaskiya, fita waje tana buɗe kai da gaske ko ni ce nake yaudarar kaina? Kuma ya zan yi da Abba?

Daga ƙanwarki a Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba yaudarar kanki kike ba, fita tana buɗe kai, kuma ni ina so wata rana ki fita. Amma kafin mu je ko'ina, dan girman Allah kar Umma ta sayar da ko ɗan kunne, kuma kar ki tura wa ejan ɗin nan ko sisi, zan gaya miki dalili a ƙasa.

Wannan gajiyar da kike ji ni daɗinta na ji, saboda telan da bai damu ba ba ya gajiya da kwafa, kuɗinsa yake karɓa ya yi gaba. Ke abin ya fara ci miki rai, alamar kina da naki a ciki kenan. Kuma laifin ba na ƙwaƙwalwarki bane, kinsan yadda Instagram da TikTok suke, abin da kika tsaya kika kalla shi zasu yi ta turo miki irinsa, kuma duk telolin Kano da Kaduna da Abuja har da Maraɗi shafuka guda nawa ne suke kallo? Su ɗin dai ne. Shi ya sa in kika je kamu ko dina sai ki ga mata talatin hannun riga iri ɗaya, dutse a wuri ɗaya, tsagar siket a wuri ɗaya. Idon da kullum abu ɗaya yake gani, in aka ce ya fito da sabo ina zai samo shi.

Toh abin da fita take yi wa mai zane, na farko tana raba idonsa da abin da ya saba. Ki ɗauki labarin Shade Thomas-Fahm ta Legas, a 1953 ta tafi Ingila da niyyar karatun nas, tana zuwa ta ga shagunan kaya na Landan sai ta canza ra'ayi ta shiga St Martin's School of Art. A 1960 ta dawo gida, shekarar da aka samu 'yancin kai, ta buɗe shagonta a Legas, kuma abin da ya sa har yau ake kiran sunanta ba kwat ɗin Turawa ta dawo tana ɗinkawa ba, yadudukan gargajiya na kudu irin su aso-oke da adire da akwete ta kama, kayan da 'yan boko na lokacin suke raina wa, ta ɗauki zanen ɗaurawa ta sa masa zif ya zama mace zata zura ta fita aiki ba fargabar ya kwance. Maƙwabcinmu Alphadi na Nijar ma haka, an haife shi a Tambutu a 1957, ya je Paris karatun harkar yawon buɗe ido, a can ya haɗa da koyon zanen kaya a makarantar Atelier Chardon Savard, da ya tashi yin babban abinsa a 1998 sai ya kwashi manyan masu zanen kaya na duniya ya kai su cikin sahara a Tigidit kusa da Agadas ya buɗe bikin nuna kayan sawa na Afirka da ake kira FIMA, kuma in kika duba kayansa zaki ga aikin azurfar Buzaye da aikin fata da surfanin da kika sani. Na kwanan nan kuma akwai Kenneth Ize, a Ostiriya ya tashi, a Vienna ya yi karatu, amma saƙar aso-oke ce ta kai shi cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe na gasar LVMH ta matasan masu zanen kaya a 2019, ta kai shi makon nuna kaya na Paris a 2020 har shahararriyar mai tallar kaya Naomi Campbell ta sa kayansa, ya kuma je Ilori ya kafa wurin saƙa.

Kin lura da abin da ya haɗa su? Duk sun fita, duk fitar ta amfane su, amma abin da ya ɗaga su na gida ne, nisan da suka yi ne ya sa suka gan shi da kyau. Kuma abin ba a wajenmu kaɗai ya tsaya ba, shahararren mai zanen kaya na Faransa Yves Saint Laurent da ya je Marrakesh ta Maroko a 1966 launukan garin suka canza masa aiki gaba ɗaya, shi da kansa ya sha faɗa cewa a can ya koyi launi. Sai dai ki riƙe wannan, lokacin da ya je ya riga ya shugabanci gidan Dior tun yana ɗan shekara 21, yana da nasa gidan, hannunsa ya riga ya faɗa. Garin bai ba shi iya yanka ba, abin da ya zo da shi ya ƙara wa armashi. Wadda ta tafi ba ta da komai nata a hannu kamar wadda ta je rijiya ba guga ce, ga ruwa nan tana kallo amma ba na ɗauka, irin su ne suke dawowa suna kwafar Milan maimakon kwafar Instagram, an canza wurin kwafa kawai an kuma ƙarar da dukiyar uwa.

Yanzu bari in tambaye ki, ke da kike Kano, yaushe rabonki da marinar Ƙofar Mata? Wurin nan ana cewa tun 1498 yake aiki, Turawa jirgi suke hawa su zo su ɗauki hoton hannun marina, ke kuma kuɗin adaidaita ne tsakaninki da shi. Kin taɓa zuwa Kura ki ga yadda ake turkuɗi? Ƙyalle siriri kamar yatsa ake saƙawa a harhaɗa, a rina da baba har ya yi baƙi-ƙirin, sannan masu bugu su ɗora shi a kan gungume su yi ta dukansa da taɓarya suna ƙara garin baba har ya riƙa ƙyalli kamar an shafa masa mai, Buzaye su zo su saya su yi rawani, shuɗin ya riƙa zama a fatarsu su kuma abin ado ne a wurinsu. Bature Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda yadin Kano yake kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Garin da ya tufatar da rabin sahara kenan kike zaune a cikinsa kina kukan ba ki da abin kallo.

Ga aikin da nake so ki yi a satin nan. Ki roƙi Abba ko wani dattijo a danginku ya ara miki tsohuwar babbar riga ta aikin hannu, ba ta inji ba, irin ta saƙi ko tsamiya in an samu, ki shimfiɗa ta a tabarma ki juya cikinta waje. Zaki ga ba a yanka ta da lanƙwasa ko ɗaya ba, dogayen ƙyallaye ne aka jera aka haɗa gefe da gefe, inda ake son faɗi a ƙara ƙyalle, ba a zubar da ko tafin hannu na yadi ba. Ki duba surfanin da ake kira aska takwas da ke kan aljihu, yadda suke saukowa da tsini, kowanne an cike shi da allura, ki duba da'irar da ke ɗaya ɓangaren ƙirjin da kuma ta baya, ki duba shafin da aka sa a bakin riga ta ciki, a tsofaffin na sarakai har alharini ja ake sawa wanda fatake suke kawowa ta sahara, ba a ganinsa sai mai rigar ya naɗe hannunta a kafaɗa ko ya hau doki, ado ne da aka ɓoye dan ya riƙa leƙowa. Wallahi in kika zauna da rigar nan awa biyu da fensir da littafi, zaki tashi da tunanin abaya biyar da ba wanda ya taɓa gani a waya. Irin waɗannan rigunan suna ajiye a gidajen tarihi na Landan ana lallaɓa su da safar hannu, kuma yanka kaya ba tare da zubar da yadi ba yanzu darasi ne da ake koyarwa a makarantun da kike kallon bidiyonsu. Ke a akwatin gidanku yake.

Kuma ko kayan da kike ɗinkawa kullum ma ki san tarihinsu, zai ƙara miki ƙarfin gwiwa. Shaddar Getzner da ake ji da ita a lefe a garin Bludenz na Ostiriya ake saƙa ta, leshin da ake cewa na Siwis da yawansa daga Lustenau ne a Ostiriyar dai, atamfar Holan ta kamfanin Vlisco a Helmond ake buga ta, ita kuma asalin dabararta daga batik na Indunusiya aka ɗauko. Ma'ana akwai masu zane a Turai da aikinsu kenan su zauna su yi nazarin me matar Kano da ta Bamako take so ta sa ranar Sallah. Abin da suke kashe kuɗi su gano, ke a cikinsa aka haife ki.

Kar ki ce na ce ki zauna gida shikenan, a'a. Akwai abin da makarantar kirki zata ba ki wanda da wuya ki samu a shagon unguwa, kuma shi nake so ki sa a gaba fiye da maganar buɗewar kai. Mu yawanci awo muke ɗauka da tef mu ja alli a kan yadi mu yanka, in ya zauna alhamdulillah in bai zauna ba a rage. A can sai kin fitar da patan a takarda tukunna, ki ɗinka gwaji da akoko, ki sa wa mutum-mutumi ki ga inda ya ja da inda ya tattare, ki gyara takardar, ki sake, sai ya zauna daram sannan a taɓa yadin gaske. Akwai kuma ɗora akoko kai tsaye a jikin mutum-mutumi kina kama shi da fil kina bin yadda yadin yake son zuba. Akwai yadda ake ɗaukar riga ɗaya a fitar da ita a girma shida ba tare da ta lalace ba, wanda shi ne bambancin telan da ke jiran kwastoma da mai kamfanin da ke ɗinka ɗari ta zuba a shago. Ga sanin yadi, wanne ne yake shan zufa wanne yake takurewa in an wanke, ga lissafin kuɗin riga tun daga zare har wutar guga. Mutanen nan sun daɗe a kai, makarantar ESMOD ta Paris tun 1841 wani tela Alexis Lavigne ya kafa ta, shi ake danganta wa ƙirƙiro tef mai lanƙwasa irin wanda kike rataya a wuya. Sannan ga malamin da zai tsaya a kan aikinki a gaban 'yan aji ya ce me ya sa kika sa wannan launin, me ya sa hannun ya kai nan, ba zai karɓi "ya yi kyau ne kawai" ba. Da zafi a farko, amma wannan tambayar ita ce take raba mutum da kwafa.

Kuma ki sani, makarantar zane ta gaske ba da sakamakon WAEC kaɗai take ɗaukar mutum ba, fotfoliyo take nema, wato tarin aikinki. Ba hoton amare goma da kika yi wa ɗinki suke son gani ba, so suke su ga yadda kike tunani, daga ina abin ya faro, zanen da kika yi kika soke, guntun yadin da kika rina ya ƙi, har zuwa rigar da ta fito a ƙarshe. Dan haka ki sayi babban littafin zane mara layi, ki zaɓi abu ɗaya ki bi shi har ƙarshe. Misali aska takwas ɗin nan, ki je ki ɗauki hotonta, ki zauna wurin masu aikin hannu ki ga yadda suke riƙe allura, in da hali ki je Zariya inda aikin ya yi suna, ki zana ta babba, ki zana ta ƙarama, ki juya ta, ki gwada ta a bayan abaya, a gefen mayafi, ki kai farin yadi Ƙofar Mata a rina miki shi kala uku na shuɗi, ki manna guntayen a littafin ki rubuta abin da kika gani. Ki leƙa Gidan Makama, ki shiga Kasuwar Kurmi wurin dukawa ki ga jar fatar akuyar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take bi ta isa gare su, ki kalli zanen bangon tsofaffin gidajen cikin gari. Daga ƙarshe ki fitar da kaya biyar ko shida da suke 'yan gida ɗaya, ki sa ƙawarki ta sa ki ɗauke ta hoto da hasken safe a jikin bango mara hayaniya. Wannan aikin zai ci miki wata shida zuwa shekara kina yi kina ɗinkin kwastomominki, kuma ina da yaƙinin tun kafin ki gama zaki ji gajiyar nan ta ragu.

Sai maganar kuɗi, a nan nake so ki nutsu sosai. Manyan makarantun Landan irin su Central Saint Martins da London College of Fashion kuɗin ɗalibin waje ya kai wajen fam dubu 30 a shekara, digiri kuma shekara uku ne, ban da haya da abinci a garin da ke cikin mafi tsada a duniya. Na Italiya da kike gani a bidiyo, Istituto Marangoni a Milan da Polimoda a Florence, masu zaman kansu ne, wajen yuro dubu 20 ne ko fiye a shekara. Ki buga wannan da canjin yau, kinsan tun 2023 da aka saki naira yadda abin ya koma. Sarƙa da fili zasu iya biyan zangon farko, toh na biyu fa? Kar kuma wani ya ce miki ai kina zuwa zaki yi aiki ki biya, a Ingila da Italiya awa 20 a sati doka ta yarda ɗalibi ya yi lokacin karatu, wannan ko haya da kyar yake riƙewa, ga karatun zane shi kansa cin kuɗi ne da shi, yadi da takarda da fenti duk daga aljihunki, ga kwana a ɗakin aiki. Abin da nake tsoro shi ne ki tsinci kanki a tsakiya, ba ki gama ba, ba kuɗin ci gaba, ga kunyar dawowa, Umma kuma ba fili. Filin gado ga mace shi ne rufin asirinta na tsufa, soyayya ce ta sa ta ce zata sayar, ke kuma ki nuna mata taki soyayyar ki ce a'a.

Ejan kuma, duk makarantar gaske tana da shafinta na intanet da zaki cike fom da kanki ki tura aikinki, kuma ba mai iya sayar miki da biza, ofishin jakadanci ne yake bayarwa ko ya hana. Ki tambaye shi cikakken sunan makarantar da sunan kwas ɗin, ki shiga shafinsu ki tura musu imel da kanki ki tambaya ko sun san shi. Duk wanda ya ce a fara biya kafin a ga takarda, ko ya ce zai samo miki admishan ɗin zane bai ma nemi ganin zanenki ba, ki rabu da shi. Italiya musamman hanya ce da aka sha yaudarar 'yan matan ƙasar nan da sunan aiki ko karatu aka jefa su cikin abin da ba a fata, wannan ba tatsuniya bace, dan haka tsoron Abba yana da tushe.

Ga hanyar da ni zan zaɓa miki da ke 'yata ce. Ki jefa ƙugiya biyu. Ta farko sikolashif ɗin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, sukan buɗe daga Janairu zuwa Fabrairu, kyauta ake nema a shafinsu, suna biyan kuɗin makaranta da masauki da inshorar lafiya da tikitin jirgi da ɗan alawus na wata, da shekara ɗaya ta koyon harshen Turkanci, amma na digirin farko sai wanda bai kai shekara 21 ba, kinga ke lokacinki ƙidayayye ne. Turkiyya ba ƙaramar ƙasa bace a harkar yadi da ɗinki, unguwannin Laleli da Merter da Osmanbey na Istanbul nan 'yan kasuwarmu suke saro kaya, akwai jami'ar fasaha ta Mimar Sinan da ta Marmara masu sashen zanen yadi da tufafi, kuma a Istanbul aka yi makon nuna kayan suturta jiki a 2016, irin kayan da ke zaki fi sayarwa in kin dawo. Masu nema suna da yawa sosai, dan haka kar ki ɗora rayuwarki a kansa. Ta biyu ki yanki JAMB ki nemi sashen Industrial Design na ABU Zariya ɓangaren yadi, ko kwas ɗin zanen tufafi na Kaduna Polytechnic, ga kuma cibiyar NILEST ta koyar da aikin fata a Samaru in fata ta ja hankalinki. In kika yi digiri a gida kina riƙe da kekenki, ƙofofin digiri na biyu sun fi yawa kuma sun fi sauƙi, shekara ɗaya ko biyu ne, akwai sikolashif ɗin Chevening na Ingila mai neman digiri da aikin shekara biyu, akwai jami'ar Politecnico di Milano ta gwamnati da take koyar da digiri na biyu na harkar tufafi da Turanci, kuma a Italiya akwai tallafin jihohi da ake bayarwa bisa ƙarfin iyayen ɗalibi. In gaya miki gaskiya wannan ta biyun ta fi kwanta min, wadda ta je tana da shekara 25 da aikinta a hannu ta san me ta je nema, kuma ba a juya ta da sauƙi.

Akwai abin da bidiyo ba ya nunawa wanda gara ki sani tun yanzu. A makarantun zane da yawa na Turai akwai ajin zana jikin mutum, a kan kawo mutum ya tsaya ba kaya a zana shi dan a koyi yadda ƙashi da tsoka suke, ki tambaya tun kafin ki karɓi admishan ko dole ne, ki san matsayarki. Tarukan harkar da yawa da giya ake yi. A Faransa an yarda ki sa hijabi a jami'a amma niƙabi doka ta hana a bainar jama'a tun 2011. Ga sanyi, ga azumin da zaki sha ruwa ke kaɗai a ɗaki, ga malamin da wataƙila zai ɗauka suturar da kike zanawa takura ce ya yi ta tura ki ki buɗe, a nan sai kin iya kare aikinki da hujja ba da fushi ba. 'Yan mata Musulmi da yawa sun yi sun gama lafiya, amma waɗanda suka tafi sun san ko su waye su ne suka fi jin daɗin zaman.

Abba kuma kar ki yi jayayya da shi, kuma kar ki sa Umma a tsakiya su samu saɓani a kanki. In kika saurari maganarsa da kyau abu biyu ne a ciki, yana ganin tela ba karatu bane, yana kuma tsoron abin da zai same ki. Na farkon aiki ne zai amsa shi ba baki ba. Ki ɗinka masa kaftani da hannunki, ki yi masa aikin da ba a taɓa yi masa ba, ya sa ya je masallacin Juma'a a tambaye shi wa ya ɗinka, sannan ki riƙa rubuta shige da ficen kuɗinki a littafi ki nuna masa abin da keken nan yake kawowa a wata. In littafin zanenki ya cika ki kai masa ya gani, ki nuna masa rigarsa da kika ara ga abin da ta haifa. Na biyun kuma ba ke zaki tare shi ba, ki samu wanda yake jin maganarsa, baffanki ko yayarsa ko limamin da yake girmamawa, ki fara gamsar da shi, ku je da takarda a hannu, ga sunan makaranta, ga wanda zai biya, ga masaukin mata zalla, ga 'yan Arewa da ke karatu a garin da za a iya kira a waya, ga ranar dawowa. Uban da ya ce a'a ga "Italiya wurin wani ejan" zai iya cewa to ga Zariya yau, in ya ga kin riƙe amana shekara huɗu kuma maganar waje ba zata yi masa nauyi kamar yanzu ba. In kuma duk an yi ya ce a'a, ki yi haƙuri ki bi, ki yi istihara ki ci gaba da aikinki, kar ki kuskura ki tafi a ɓoye ko ki tafi yana fushi.

Kafin Janairu ki tabbata kina da fasfo, da asalin sakamakon WAEC ko NECO ɗinki, da wasiƙar shaida daga wani malaminki na sakandare, ki kuma dage da Turanci dan takardar bayanin kai da zaki rubuta, da kanki zaki rubuta ta kar ki ba ɗan kafe ya kwafo miki ta wani. Sharuɗɗan nan sukan canza daga shekara zuwa shekara, ki riƙa karanta su a shafin masu bayarwa kai tsaye. In kin yi magana da baffan naki ki sake rubuto min in ji yadda kuka yi, ki haɗo da hoton shafi uku na farko na littafin, zan duba in gaya miki inda ya kamata ki ƙara. Allah ya yi miki jagora, ya sa albarka a hannunki, ki gaida Umma da Abba.